Zugazugin Bature da Kotson Maƙwabcinmu

A cikin abubuwan da na buɗe ido na tarar a gidanmu na Wurno, waɗanda har yau da furfura ta game mini kai ba su gushe suna faɗo mini a rai ba, akwai wani abin kiɗa na ƙasar Jamus wanda kawuna, Allah ya jiƙansa da rahama, yake ajiyewa a ƙasan adaka, a naɗe cikin tsohon gwado, tare da takardun gonarsa ta fadama da rigar da ba ya sawa sai ranar Idi. Siffarsa kamar ƙaramin akwati ne da aka raba biyu, aka haɗa ɓangarorin da wata jaka mai ninki-ninki. A gefen dama akwai madannai 10 farare a jere kamar maɓallan riga, a gefen hagu kuwa 'yan kaɗan ne masu kaurin murya. A goshinsa an rubuta Hohner da ruwan zinariya wanda gumin hannu ya fara cinyewa. Turawa suna ce masa akodiyan. Mu dai yaran unguwa, da yake ba mu san wani abu mai shaƙar iska yana fesarwa ba in ba zugazugin maƙera ba, sai muka raɗa masa suna zugazugin Bature, sunan kuwa ya bi shi har manya suka ɗauka.

A Kurmi Kawu ya samo shi. Yana cikin samarin ƙasarmu da suke tafiya cin rani idan an kawar da amfanin gona, ya zauna a Agege wajen fataken goro 'yan shekaru bayan samun mulkin kai, a daidai zamanin da I. K. Dairo, makaɗin nan na ƙasar Yarabawa wanda ya shigar da akodiyan mai madannai 10 cikin kiɗan juju, ya cika gidajen rediyo da amonsa, har Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma a 1963. Kawu ya ji, abin ya shiga ransa, ya ƙulla 'yan kuɗinsa ya sayi wani tsoho a hannun wani Bayarabe, ya taho da shi gida cikin buhun kayansa. Amma da ya iso bai nemi kiɗan Yarabawa a cikinsa ba. Abin da yake lalube da yatsunsa shi ne karin waƙoƙin noma da na dambe da ya tashi yana ji. Kuma da yake Wurno gari ne na malamai, inda Hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake, ga kunyar manya da aka raine shi a kanta, ba ya taɓa shi a cikin gari: sai bayan la'asar, a bukkar gona, can cikin fadama tsakanin fangalin albasa da tafarnuwa, inda ba mai ji sai mu da balbelu.

Ranar da ya fara yarda na riƙe shi ina tune da ita sarai. Na miƙa hannu da zumuɗi, ya janye, ya ce, "Kai yaro, wanke hannunka tukuna. Wanga abu numfashi gare shi awa mutum. In ka matsa mishi da ƙarhi sai shi shaƙe." Na ce, "To, Kawu." Na wanke hannu a ruwan kwarin albasa, na goge a riga, ya rataya mini madaurin a babban yatsa, ya ɗora hannunsa a kan nawa. Da muka ja sai na ji murya ɗaya, da muka tura kuma, alhali yatsana bai ɗaga daga madannin ba, sai wata murya dabam ta fito. Wannan shi ne sirrin irin nasa: kowane madanni murya biyu gare shi, ɗaya ta shaƙa ɗaya ta fesarwa, domin a cikinsa akwai 'yan siraran harsuna na ƙarfe, biyu-biyu a kan kowane ɗan faranti, kowane harshe da ɗan murfinsa na fata, ta yadda iska in ta shiga ta nan sai wancan ya rufe, in ta komo ta can sai wannan ya rufe. Farantan nan kuwa da kakin zuma aka liƙe su a jikin katako. A nan ajalinsa yake, kamar yadda za mu gani.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da wani dattijo makaɗin kotso, wanda duk unguwa take kira Baba, wanda ya gaji kiɗan daga mahaifinsa, shi ma daga nasa mahaifin, kuma a ƙuruciyarsa ya bi hakimai rangadi yana cikin 'yan amshi kafin ya kai ga jan waƙa da kansa. Kotsonsa yana rataye a ƙusa a cikin zaure, icensa ya yi baƙi ƙirin yana sheƙi saboda daɗewa a hammata, tsarkiyoyinsa sun sha mai, a tsakiyar fatar kuma akwai ɗan danƙon nan da ake liƙawa don murya ta zauna. Idan zai taɓa shi da sanyin safiya sai ya kai shi rana tukuna, ko ya kara shi kusa da wuta, ya murza danƙon da babban yatsa, ya ɗan buga, ya karkata kai yana saurare kamar mai jiran amsar sallama. Shi da Kawu suna wasa da juna a kan kayansu. Baba yakan ce nasa yana faɗin sunan mutum da na ubansa da na kakansa, na Kawu kuwa kuka kawai ya iya. Akwai gaskiya a maganarsa, gama kotso, da matsa tsarkiya da sassauta ta, yana bin hawa da saukar harshen Hausa har mai kunne ya fahimci take, abin da madannai 10 ba su da ikon yi.

Sai da na girma na yi karatu na san cewa zugazugin Kawu yana da asali da nasaba kamar ɗan adam. A birnin Biyana ne wani mai suna Cyrill Demian ya karɓi takardar haƙƙin ƙirƙira a 1829 a kan abin da ya kira akodiyan; a 1834 Carl Friedrich Uhlig na garin Chemnitz ya fito da ɗan'uwansa mai kusurwa huɗu; daga nan sana'ar ta kafu a garuruwan duwatsu na ƙasar Saksoni, musamman Klingenthal, inda gida-gida ake gyaran harsunan ƙarfe da ninke jakar iska, maza da mata da yara. Matthias Hohner kuwa, wanda sunansa yake goshin na Kawu, maƙerin agogo ne da ya kafa masana'antarsa a Trossingen a 1857, ya fara da ƙaramin nan da ake busawa da baki, 'ya'yansa suka shiga ƙera akodiyan a 1903. Kayan talaka ne tun asali: ba shi da tsada ƙwarai, ba shi da nauyi, yana da ƙara, mutum ɗaya ya isa ya raya dandali da shi. Saboda haka matuƙan jiragen ruwa da masu ƙaura da fatake suka watsa shi a duniya, kowace al'umma kuwa ta koya masa harshenta, tun daga Ajantina da Kolombiya har tsibiran Kef Bade da ƙasar Lesoto, wadda 'ya'yanta masu haƙar ma'adinai a Afirka ta Kudu suka mai da shi abokin kewar gida.

Abin da ya fi ba ni mamaki, har na ajiye littafin na yi tagumi ranar da na karanta shi, shi ne cewa na Kawu ba shi ne na farko daga danginsa da ya taka ƙasar Wurno ba. An riga shi da fiye da shekara 100. A watan Afrilu na 1853 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya iske Sarkin Musulmi Aliyu Babba ɗan Muhammadu Bello a sansaninsa na Gawasu yana shirin fita yaƙi da Gobirawa, ya gaishe shi, aka ba shi izini ya shiga Wurno ya jira komowarsa. A lokacin kuwa Wurno ce mazaunin Sarkin Musulmi, ribaɗin da Bello ya kafa don tsaron wannan kusurwa, inda ya rasu a 1837. Barth ya zauna a garin fiye da wata guda yana nazarin littattafan shugabannin jihadi, da Sarki ya komo kuma ya je masa barka da kyautai, a cikinsu akwai akwatin kiɗa irin wanda ake yi wa wani kamar agogo, wanda ya sami tangarɗa. Don ya cike wannan giɓi sai ya ƙara masa da wani abin kiɗa da ya kira harmonika, kalmar da Jamusawa suke kiran dukan dangin nan masu harsunan ƙarfe da ita, na busawa da baki da na ja da hannu. Jakadan Furusiya a Landan, Bunsen, shi ya tanadar masa da su saboda irin wannan rana. Daga baya ya lallaɓa ya gyara akwatin, ya kuma ba da labarin irin farin cikin da Sarki ya yi da shi. Littafin tafiyar tasa ya fara fitowa a 1857, shekarar da Hohner ya buɗe shagonsa.

Mai karatu ya lura da wani abu a nan, domin a kansa dukan maganata take. Mun san wannan ƙaramin al'amari ne, watau wanda ya bayar da wanda ya karɓa da wanda ya saya tun farko, da gari da wata da shekara, saboda mutum guda ya zauna da alƙalami a daren wannan rana, cikin zafin bazarar Wurno, ya rubuta. Masu tambura da masu bushe-bushe da suka tarbi Sarkin Musulmi a ƙofar gari a wannan komowa, waɗanda kayansu suka fi na baƙon daraja a idon jama'ar da ta taru, su ne ya kamata a ce jikokinsu suna riƙe da sunayensu da kayansu a yau.

Na san akwai wanda zai ce, ina ruwan jikan almajiran Shehu da adana kayan kiɗa, alhali magabata sun yi magana a kansu? Wannan tambaya ce ta gaskiya, ba kuwa zan kauce mata ba. Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya yarda da shi, a cikin Kitabul Farƙi ya lissafa shagala da kaɗe-kaɗe dare da rana ba da wata manufa ta shari'a ba a cikin ɗabi'un mulkin da ya zo gyarawa, sa'an nan ya keɓe buga tambari don tara runduna da sanar da tashinta da saukarta. Ƙanensa Malam Abdullahi na Gwandu ya fi shi tsanantawa, ya koka a kan yadda jama'a suka koma wa abin da aka yi hijira don a guje masa. Daga baya kuma Shehu, a cikin Najmul Ikhwan, ya yi nasiha da a sassauta inkari a kan mas'alolin da malamai suka yi saɓani a cikinsu. Hukunci na malamai ne, ni kuwa ba mufti ba ne. Amma ajiye abu don shaida dabam, yin aiki da shi dabam. Ɗalibin da zai karanta waɗannan littattafai nan da shekara 50, ya iske an ambaci ganguna da molaye da bushe-bushe, da me zai gane abin da ake nufi idan babu ko ɗaya da ya saura ya gani da idonsa? Har ma wani masani Bajamushe, Veit Erlmann, wanda ya yi bincike a kan makaɗan Maraɗi, ya tattara maganganun shugabannin jihadi a kan kiɗa ya buga su littafi guda a 1986. Nassin yana hannun Turawa a kammale, kayan da nassin yake magana a kansu kuwa suna zaurukanmu gara tana ci.

Ƙasar nan tamu ta gabashin Sakkwato da maƙwabtanta ba ƙaramar taska ba ce a wannan fanni. Daga nan yankin Ibrahim Narambaɗa ya fito da kotsonsa yana yi wa Sarkin Gobir na Isa Ahmadu waƙa. Salihu Jankiɗi ya riƙe taushi a fadar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ya wasa Sardauna Ahmadu Bello, ɗan Rabah, da kotso. Ɗan Anace, mutumin ƙasar Gandi, ya sa 'yan dambe sun manta da ciwo da kalangunsa. Waɗannan su ne taurari. A ƙarƙashinsu akwai ɗaruruwa da rediyo bai taɓa ɗaukar muryarsu ba: mai gangar noma da yake bin bayan 'yan gayya kunya-kunya, mai kalangun mahauta a ranar kasuwa, mai garayar maharba, mai goge da ƙoƙonsa da fatar guza da tsagiyar doki, makiyayi da sarewarsa a bakin gulbin Rima, mai algaita da kumatunsa kamar za su fashe, mai kakaki da ba ya busa sai don sarauta. Kowane ɗaya daga cikin kayan nan kuwa hannu uku ko huɗu ne suka taru a kansa, masassaƙi ya fafe icen alilliba ko ƙirya, majemi ya jeme fatar akuya, baduku ya yanka tsarkiya ya ɗinke, sa'an nan makaɗi ya zauna ya ba shi murya.

Yadda abin ya zube ba a rana ɗaya ba ne, ba kuma dalili ɗaya ba ne. Da kaset ya zo sai mai biki ya ga ya sami Narambaɗa da kansa a cikin akwati, ba sai ya ciyar da makaɗin unguwa da 'yan amshinsa ba. Bayansa fiyano ta shigo ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano, yaro guda ya danna ta fitar da kalangu da algaita na ƙarya a lokaci ɗaya, kunnen matasa kuwa ya saba da su har na gaskiya ya koma yi musu kama da kayan ƙauye. Noma ma ya sauya: tun da aka gama madatsar ruwa ta Goronyo a 1984, injin ban-ruwa ya kori jigo a hankali, ƙwadago da maganin feshi suka rage gayya, inda babu gayya kuwa gangar noma ba ta da wurin tsayawa. Manyan itatuwan da ake sassaƙawa sun tafi a gawayi. 'Ya'yan makaɗa suka shiga makaranta, na allo da na boko, da yawansu suka ji nauyin a kira su 'ya'yan maroƙa, ba ni kuwa da bakin zarginsu, domin mu ne muka ɗora wa sunan ƙasƙanci alhali muna jin daɗin waƙar. Sa'an nan musibar da ta fi duka ta sauka, watau ta 'yan bindiga. Wanda ya ga mutanen Tabanni sun kwararo Gandi a watan Yuli na 2018, ko ya ji abin da ya auku a kasuwar Goronyo ranar wata Lahadi a watan Oktoba na 2021, inda aka kashe fiye da mutum 40, ya san cewa mai gudun ransa goyo yake ɗauka da ɗan abin da za a ci. Abin da ke rataye a zaure sai a bar wa wuta da ruwan sama. Dandalin dare ya mutu a ƙauyuka da yawa, biki ya koma na rana tsaka, a ɗaura aure a watse. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Zugazugin Kawu bai jira wannan zamani ba. Wata bazara aka manta da adakar a ɗaki mai rufin kwano, zafi ya narkar da kakin, farantan suka zube a ciki, in an girgiza shi sai ka ji suna ƙara kamar tsakuwa a gwangwani; hunturu kuma ya busar da 'yan fatun suka nannaɗe. Kawu ya kai shi wurin mai gyaran rediyo, ya kai wurin mai gyaran agogo a Sakkwato, kowa ya juya shi ya mayar masa. Ya naɗe shi cikin gwadonsa bai sake buɗewa ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Baba ma bai daɗe ba ya bi shi, kotson ya zauna a ƙusarsa, fatar ta tsage, gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa.

Bayan shekaru sai ga wani dillalin kayan da, a kan babur, yana bi gida-gida yana cigiyar tsofaffin takubba da likkafu da tasoshin tagulla da tandu. Ina nan aka fito masa da kayan biyu. Da ya ga akodiyan sai ya gyara zama, ya sa tabarau, ya duba sunan, ya kwance ƙusoshin ya leƙa ciki yana ƙirga farantan, ya tambayi inda aka saye shi da wanda ya saya, ya rubuta a ɗan littafinsa, ya ce masu sayensa a waje sai da wannan bayani suke biya da daraja. Da aka miƙa masa kotson kuwa sai ya auna nauyinsa a hannu, ya ƙwanƙwasa icen, ya faɗi kuɗin da bai kai rabin na wancan ba, ya jefa shi cikin buhu. Ɗan Baba, wanda a lokacin yake da iyali da bashin taki a kansa, ya dube ni ya ce, "Malam, mi za ni yi da shi? Ni ban iya ba, ɗiyana ba su so." Ban sami abin da zan ce masa ba. Na san sunan Baba da na mahaifinsa, na san hakiman da aka yi wa kiɗa da wannan ice, na ji wasu daga cikin taken da kunnena. Da na ɗauki takarda a wannan sa'a na rubuta na ɗaura a tsarkiyarsa, da duk inda ya je ya tafi da nasabarsa. Ban yi ba, wannan kuwa yana cikin abubuwan da nake nadama a kansu har yau.

Tun daga ranar nake bin labarin yadda mutanen ƙasashen waje suke yi da nasu. A Trossingen akwai gidan tarihi sukutum na harmonika da akodiyan. A Markneukirchen, kusa da Klingenthal, akwai gidan adana kayan kiɗa tun 1883. Masu tara tsofaffin akodiyan ba kyan ido kaɗai suke bi ba: suna tambayar wane maƙeri, wane gari, wane zamani, farantan na tutiya ne ko na alminiyam, harsunan na tagulla ne ko na baƙin ƙarfe, jakar iskar ta asali ce ko an sauya. Akwai kuma masu gyara da suka gaji sana'ar, waɗanda za su narka sabon kaki, su yanka sabuwar fata, su goga harshe da zarto har muryarsa ta komo daidai, ta yadda abin da aka ƙera kafin a haifi kakan mutum zai sake yin kiɗa a bikin jikansa. Mutanen Ajantina ma, da suka ga baƙi suna kwashe tsofaffin bandoniyan, 'yan'uwan akodiyan, da masana'antar Alfred Arnold ta Carlsfeld ta ƙera musu kafin Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda kiɗansu na tango ya dogara a kansu, sai majalisarsu ta kafa doka a 2009 don kare su da hana fitar da tsofaffin daga ƙasar. Kayan Jamus ne, amma da yake muryar kakanninsu tana ciki, sun ɗauke shi amana.

Wannan ɗabi'a ba baƙuwa ba ce a wurinmu, mu da muka gaji ilmin isnadi. Malamanmu ba su karɓar riwaya sai sun san wane ya ji daga wane. Almajiri ba ya sauke littafi sai an ba shi ijaza mai ɗauke da silsilar malamai. Mai kwafar littafi yakan rufe da sunansa da ranar da ya gama, ya roƙi mai karatu addu'a. Marigayi Waziri Junaidu ya ƙare rayuwarsa yana tattara takardun daular nan, shi ya sa hukumar tarihi da al'adu ta Jihar Sakkwato take ɗauke da sunansa. Abin da ya rage shi ne mu shimfiɗa wannan ladabi a kan aikin hannun talakawa kamar yadda muka shimfiɗa shi a kan aikin alƙalami, gama kotson da ba a san mai shi ba ice ne kawai da fata, ko da an sa shi a cikin gilashi a Balin, wanda aka san mai shi kuwa shafi ne na tarihin gari. Doka ma tana nan: tun 1979 dokar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi daga Nijeriya ba da izini ba, ta kuma sa aikin hannun gida da aka yi kafin 1918 a cikinsu. Sai dai dillali a kan babur ya fi doka saurin isa ƙauye.

Ba na cewa a tilasta wa ɗan makaɗi ya koma sana'ar da zuciyarsa ta bari, ba na kuma zargin wanda yunwa ta sa ya sayar da gadonsa. Roƙona ƙarami ne, ga malaman makarantu da limamai da masu unguwanni da hakimai na Wurno da Rabah da Goronyo, da Achida da Gandi, da duk wanda wannan takarda ta isa hannunsa. Idan akwai kotso ko taushi ko goge ko algaita a zauren gidanku ko na maƙwabcinku, ko ma wani zugazugin Bature da wani kawu ya taho da shi daga cin rani, ku sauke shi ku kakkaɓe, ku nisanta shi da rufin kwano da damshin ƙasa. Ku nemi tsohon da ya fi kowa shekaru a gidan, ko tsohuwar, gama sau da yawa mata sun fi riƙe waƙa, ku tambaye su wa ya sassaƙa, wa ya kaɗa, daga wa ya gada, wa aka yi wa kiɗa da shi, a wane zamanin hakimi. Ku ɗauki muryarsu a waya suna faɗin taken da baki. Ku rubuta da boko ko da ajami, ku ɗaura kwafi ɗaya a jikin abin, ɗaya ku kai hukumar tarihi a Sakkwato. In kuwa lalura ta sa dole a sayar, to, kada ya fita ƙofar gida sai da takardarsa.